Gwanayen Tsaron Turke da Akurki a Fadan Kaje

A ƙauyukan ƙasar Bajju akwai gidajen da shekara za ta zagayo ba a ji an yi asarar akuya ko ɗaya ba. Kaza ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta ta raine su har su yi fiffike, yara su yi ta guje-guje a tsakar gida har bayan cin tuwon dare, ba wanda ya taka maciji. Maƙwabcinsu kuwa, wanda gona ɗaya ce ta raba su, kullum a cikin karɓar jaje yake: yau shirwa ta sure ɗan tsako, gobe an wayi gari akurki ya zama mahauta, jibi ɗan akuya ya ɓace ko ƙashinsa ba a gani ba. Mutane sukan ce wancan gida sa'a gare shi. Ni ban yarda sa'a ce kaɗai ba. Aiki ne da sani, kuma saboda sakamakonsa shi ne a kwana lafiya ba abin da ya faru, shi ya sa ba a cika yaba wa masu shi ba. Mafarauci ya dawo da nama a kafaɗa sai gari ya ɗauka, amma ba mai yi wa tsohuwar da ta toshe ramin ɓera da yamma guɗa, alhali ita ce ta hana maciji kwana da jikokinta.

Fadan Kaje tana cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf, dab da Zonkwa inda fadar Agwam Bajju take, kuma ba nisa da Kafanchan. Wanda ya saba da karkarar Kano ko Katsina zai ga bambanci tun daga kan hanya. Nan damina takan kama tun daga Afrilu ta kai Oktoba, ciyawa takan yi tsawon da za ta shanye mutum a tsaye, kowane rafi yana da kurminsa mai duhu, ga duwatsu masu kogo, ga tsaunukan Kagoro can suna kallon kowa. Zaman ma daban ne. Ba a cunkushe ake cikin ganuwa ba, gidaje a warwatse suke, kowanne a tsakiyar gonarsa, masara da dawa suna zuwa har gindin bangon ɗakin kwana. Ma'ana, kowane maigida yana da tasa iyakar da daji, kuma ba hakimi ko dagacin da zai tsare masa ita.

Gaskiya ce manyan namun dajin da kakanni suka yi fama da su sun ja da baya. Zaki a Najeriya yau sai a Yankari da gandun dajin Kainji ake maganarsa, su ma 'yan kaɗan ne. Damisa da kura, waɗanda tsofaffi ke ba da labarin yadda suke zuwa har ƙofar gida, sun yi ƙaranci tun da jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, gonaki suka yi ta cin daji, bindigogi suka yawaita, ana kuma ƙona jeji kowane rani. Amma wanda ya ce barazana ta ƙare bai taɓa kiwon kaza a bakin kurmi ba. Akwai shirwa da shaho a sama. A ƙasa akwai dila, da muzurun daji, da tunku, da inyawara, da guza mai shan ƙwai, da mesa, da gamsheƙa, da kasa, da kububuwa, ga kwarkwasa, ga kuma karnukan da suka bar gida suka koma yawon dare a ƙungiya. Ba ɗaya cikinsu da zai sa a buga ganga, amma a tara ɓarnarsu ta shekara a ga abin da ta kai. A irin wannan gida akuya ita ce kuɗin makarantar yaro, kaji su ne asusun uwargida na sabulu da magani, alade kuwa idan ya ƙosa aka kai shi kasuwar Katsit ta Kafanchan ranar Alhamis, shi ne kwanon rufi ko takin zamani. Wanda ya tsare su ya tsare rufin asirin gidan ne.

Abin da ya fi burge ni a wannan gwaninta shi ne karatun ƙasa. Idan aka wayi gari da ɓarna, wanda bai iya ba sai ya hau salati da zargin maƙwabta. Gwani kuwa abu na farko da zai ce shi ne, "Kowa ya tsaya inda yake, kada a tattake min wurin." Sai ya durƙusa inda raɓa ta jiƙa ƙura. Sawun dangin kyanwa a kewaye yake, ba alamar farce, domin a ɓoye suke tafiya da shi. Sawun kare da na dila kuwa da tabon farata a gaba, na dila ya fi ƙanƙanta da tsini, kuma tafiyarsa a miƙe take kamar wanda ya san abin da ya kawo shi, kare kuwa sai ya yi ta kewaye-kewaye. Tsofaffin da suka ga zamanin kura sun san ƙafarta ta gaba ta fi ta baya girma, sun kuma san kashinta fari ne idan ya bushe, saboda ƙashin da take taunewa. Guza yana barin jan layi na wutsiya tsakanin sawayensa. Maciji kuwa shara ce kawai a kan ƙura, kuma daga faɗinta ake gane girmansa.

Daga nan sai ya duba gawar, domin kowane ɓarawo da irin hannunsa. Idan an tarar da kaji da yawa a mace, an cije su a wuya ko a kai, an ci kaɗan an bar saura, to wani ƙaramin mai jini a baki ne irin su inyawara ko tunku, kuma akwai kafar da ya bi ya shigo, sai an nemo ta. Idan tarin gashi aka gani a fili, an fige shi tsaf a wuri ɗaya, aikin shaho ne. Idan ƙwai sun ɓace ba ɓawo ba ƙazanta, a yi hattara da sa hannu a wurin kwancin kazar, mai yiwuwa maciji bai yi nisa ba. Idan an fasa su an lashe, guza ne ko kare. Akuyar da aka yayyage ta baya, aka ji wa biyu ko uku ciwo ba a ci ba, karnuka ne suka yi, ba naman daji ba, don haka maganin yana cikin unguwa. Damisa, a lokacin da take nan, maƙogwaro take kamawa ta ja abinta ta tafi, wani lokaci har kan itace. Wannan karatu ba don nishaɗi ake yin sa ba. Shi ne ke gaya wa mutum ko rufi zai gyara, ko gindin bango zai cike, ko kuwa gidan mai kare zai je a yi magana ta fahimta. Wanda ya kasa karatun sai ya ɗana tarko don dila alhali ɓarawonsa ta sama yake zuwa.

Sai shinge. Mutanen tsaunukan Kagoro da na tudun Jos sun daɗe da sanin darajar ƙerana, wadda suke kewaye gidaje da gonaki da ita tun zamanin hare-haren neman bayi, ta tsare mahaya doki ta kuma tsare naman daji. Ƙaya gare ta, ga farin ruwan jikinta mai ƙuna wanda ba dabbar da ke son ya taɓa mata ido, shi ya sa ake gargaɗin yara da shi tun suna ƙanana. Inda ba ƙerana ana dasa bini-da-zugu ko dashi, a cusa sarƙaƙiya da rassan farar ƙaya a tsakani. Hikimar tana cikin lokaci da tazara. Ana yanko rassan ne a ƙarshen rani, a kafa su kafin ruwa ya sauka sosai, don kada su ruɓe, kuma a matse su yadda idan sun yi kauri ko ɗan akuya ba zai ratsa ba. Dangar kara takan ruɓe ko gara ta cinye ta cikin shekara ɗaya ko biyu, shi kuwa shinge mai rai ƙara ƙarfi yake yi yana tsufa. Gwani kuma ba saman shinge yake fara dubawa ba, gindinsa yake bi, domin dila da kura da kare duk ta ƙasa suke nema, su tona ko su kutsa. Shi ya sa za ka ga an jera duwatsu a gindin, an juya kan ƙaya yana fuskantar waje.

Abin sha'awa, wannan dabara da wasu matasanmu ke gani ta ƙauyanci ita ce masu kare namun daji ke yaɗawa a Gabashin Afirka. A yankin Masai na arewacin Tanzaniya, inda zakuna ke nan da ransu, ana kafa rassan dashi, wannan dai itacen namu, a kewaye garke, a ɗaura musu ragar waya, su yi saiwa su zama katanga mai rai. Asarar shanu da dare ta ragu ƙwarai a gidajen da suka yi haka, kisan ramuwar gayya da ake yi wa zakuna shi ma ya ragu. Abin da suka ƙara a kan na kakanninmu ragar waya ce kawai.

A cikin shingen ne ake gane hannun mata. Ɗakin awaki ana yin sa kusa da ɗakin kwana, yadda ko atishawa akuya ta yi za a ji. Ana yi masa rufi, domin abin da ke tsalle ba ya jin tsoron katanga marar rufi, ana kuma yin bangonsa yadda dabbobin ba sa hango waje. Dalili shi ne sau da yawa ba naman dajin ke fasa garke ba, dabbobin ne ke firgita idan sun gan shi su fasa da kansu su faɗa masa a baki. Akurki kuwa ana ɗora shi a kan duwatsu ko a yi masa daɓe mai ƙarfi, a yaɓe shi ciki da waje, a bar 'yan kafofin iska can sama waɗanda ba su wuce yatsa ba, ƙofarsa kuma ƙarama, a toshe ta da faffaɗan dutse ko katako a danne da wani. Ƙa'idar tsofaffi ita ce duk inda kan dabba ya shiga jikinta ma zai shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka bayan kowane ruwa mai ƙarfi uwargida takan zagaya da ɗan kwaɓaɓɓen laka a hannu tana lalube. Kwarkwasa kuwa ba bangon da ke tsare ta. Idan rundunarta ta taso da damina, tana iya kashe 'yan tsaki da kazar da ke kwanci, har da ɗan akuyar da ke ɗaure a turke, a dare ɗaya. Maganinta toka ce, a zuba ta layi mai kauri a kewaye, da bakin wuta a karkatar da hanyarta, shi ya sa ba a zubar da tokar murhu barkatai a gidan da ya san abin da yake yi.

A tsaya a irin wannan gida idan rana ta yi ja. Yara sun kwanto awaki daga turakun bakin gona, domin da damina ɗaure su ake yi saboda amfanin gona, kuma ba a barin akuya a turke ta kai magariba. Uwargida tana tsaye a ƙofar ɗakin, ba ƙirga take yi da lamba ba, fuska take dubawa: ga ja, ga mai ƙaho ɗaya, ga mai ciki. Sai ta ɗaga kai.

"Kai, ina baƙar nan mai 'ya'ya biyu?"

"Mama, tana bayan rumbu."

"Je ka kawo ta yanzu, ina tsaye. Ba na son 'tana bayan rumbu'."

Sai an kawo ta sannan za ta ja ƙyaure, ta sa sakata, ta jijjiga shi da hannu ta ji ko ya kama. Ta watsa ɗan tsaba a bakin akurki, kaji su bi su shige, domin an saba musu da cewa abincin yamma a nan yake. Wadda ta hau kan mangwaro za ta kwana, a sauko da ita, don kazar da ta koyi kwanan itace ta zama ta mujiya da muzuru. Ta haska tocila cikin akurkin kafin ta toshe, kusurwa-kusurwa, saboda kada a rufe ɓarawo tare da kaya. Shi kuma maigida ya zagaya bayan gida da sanda, ya ba kare abincinsa, ya kwance shi. Duka aikin bai wuce ɗan lokaci ba, amma ba a fashinsa, ko ana biki ko ana makoki. Wahalar sana'ar ke nan. Dila yana iya zagayawa dare da yawa yana tarar da ƙofa a rufe, dare ɗaya na mantuwa yake jira.

Da rana kuma yaƙin na sama ne. Shirwa ta fi matsawa da rani, lokacin da aka girbe gonaki aka ƙone ciyawa, ɗan tsako ba shi da wurin ɓuya. Masu sani sukan kife 'yan tsaki da babban kwando a makonnin farko, a ba su tsaki da ruwa a ciki, sai sun yi wayo a sake su. Sukan bar 'yan kututtukan lalle ko barkono ko rassan da aka jingina a tsakar gida, don idan uwa ta yi kukan gargaɗi a samu inda za a shige cikin taku biyu. Wasu suna rataya tsofaffin faya-fayan sidi su riƙa walƙiya, wasu suna shafa wa 'yan tsakin shuɗi ko jan launi, suna cewa yana rikita shirwa. Zabi ma ma'aikata ne a wannan fanni, domin ba baƙon abin da zai gifta, a sama ko a ƙasa, su yi shiru. Gwani yana rarrabe kukansu, yana kuma rarrabe haushin karensa: akwai na baƙon mutum, akwai na wani kare, akwai kuma wani gajere mai tsalle da baya wanda ke nufin maciji, wanda idan an ji shi fitila da doguwar sanda ake fara nema.

Kare kuwa sai an yi masa adalci yake yin aiki. Wanda ake bari da yunwa shi ne gobe zai fara da ƙwai ya ƙare da ɗan akuya. Wanda aka raina tun yana ɗan kwikwiyo a cikin awaki yakan ɗauke su 'yan uwansa. A Namibiya, wata ƙungiyar kare rabbi, wato dabbar nan mai gudu da ta yi kama da damisa, ta fara raba wa makiyaya manyan karnukan kiwo na ƙasar Turkiyya tun 1994 a kan wannan ƙa'ida, kuma makiyayan sun ga sauƙin asara. Sai dai kare mai gamuwa da namun daji yana iya kawo ciwon haukan kare har cikin gida. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana yin allurar rigakafinsa, kuma yi wa kare ita kowace shekara yana cikin tsaron iyali. Idan kuwa kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a nufi asibiti a ranar, kada a jira a ga alama, domin idan alama ta bayyana magani ya ƙare.

Maciji ne abin da ya fi taɓa iyali kai tsaye, kuma a nan ne tunanin gwanayen ya fi zurfi. Ba sa farawa da macijin. Sun san hatsi ke kawo ɓera, ɓera ke kawo maciji. Don haka rumbu a kan duwatsu yake, ƙarƙashinsa a share yadda ido zai ratsa, ba a barin zubabben hatsi ya kwana, ana kuma ajiye kyanwa. Ana nome ciyawa a bar fili tas kewaye da ɗakuna, domin maciji ba ya son ratsa sarari. Itacen girki da tarin bulo da tsofaffin tukwane ana nesanta su da ɗakin kwana, kuma ana koya wa yaro ya ja itace da sanda kafin ya sa hannu. Ba a fita fitsari da dare ba fitila. Ana kwana a kan gado, a cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa, wanda ke tsare sauro ya kuma tsare abin da ke rarrafe. Lokacin sharar gona da lokacin girbi, da aka fi samun sara, dogon takalmin roba ya fi kowace laya. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, amma dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da fitsari bayan ya ɗauka ya warke. Gamsheƙa kuwa tana tofa dafi a ido, kuma maganin farko shi ne a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take.

A nan dole in faɗi inda nake ganin tsohon sani yana bukatar gyara. Tsaga wurin sara da reza, da tsotsa, da ɗaure ƙafa tamau da igiya, duk suna ƙara ɓarna, balle ga saran kububuwa da jini ba ya tsayawa. Abin da ya dace shi ne a kwantar da hankalin mutum, a cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan aiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017. Maigidan da ya san tun kafin buƙata ta taso wane asibiti ne ke da allurar, da wane mai babur zai tasa da tsakar dare, shi ma gwani ne kamar mai karatun sawu.

Fulanin da suka zauna a wannan yanki suna da nasu babin. A farkon shekarun 1980, masu bincike na cibiyar ILCA, wadda a lokacin hedikwatarta take Addis Ababa, sun yi shekaru suna nazarin kiwo a Abet, kusa da Zonkwa, da Kurmin Biri ta wajen Kachia, sun kuma rubuta yadda makiyaya ke kwanar da shanu a gonakin manoman Bajju da rani, gona ta samu taki, shanu su samu kara da makwanci kusa da mutane. A ruga, maruƙa ne ake ji wa tsoro, don haka ana jera su a dangwali kusa da bukka, manyan shanu masu ƙaho suna kewaye, ana hura wuta da yamma wadda hayaƙinta ke korar ƙudaje haskenta kuma ke sa naman daji ya yi nesa. Makiyayi yana barci da kunne ɗaya, kuma daga yadda shanu suka miƙe tsaye gaba ɗaya suka fuskanci gefe guda yake gane akwai abu a wajen. Irin wannan lura ce ta sa wani yaro Bamasaye a Kenya, Richard Turere, ya yi suna a duniya. Yana ɗan shekara 11 yana tsaron shanun mahaifinsa a gefen gandun dajin Nairobi, ya lura zakuna ba sa zuwa idan yana zagayawa da tocila. Sai ya haɗa batirin mota da na'urar sigina ta babur da ƙwayayen tsofaffin tocila, fitilu suka riƙa kunnuwa suna mutuwa bi da bi kamar mutum na yawo. A Botswana kuma, wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa cikin shanu 683 da aka zana wa idanu a ɗuwawu, zaki bai kashe ko ɗaya ba a tsawon shekara huɗu, alhali an kashe 15 cikin 835 da ba a zana wa komai ba. Mai kwanton ɓauna ba ya son a gan shi, abin da duk makiyayi ya sani. Yau da fitilun sola suka cika kasuwannin Zonkwa da Kafanchan, ba abin da zai hana ɗan Fadan Kaje mai gyaran waya ya haɗa irin ta Turere don ɗakin aladen uwarsa.

Farauta tana da gurbinta a al'adar yankin, kuma duk wanda ya halarci bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ya ga irin girman da ake ba maharba. Amma gwanin tsaron gida ba ya gaggawar kisa. Idan wata dabba ɗaya ta ɗanɗana ta saba, takan zama dole a kira maharbi ya raba ta da gidan. Abin da ban yarda da shi ba, kuma tsofaffi masu hankali ma ba su yarda ba, shi ne barbaɗa maganin ƙwari a kan mushe a ajiye a daji. Guba ba ta tambayar suna. Takan kashe karen maƙwabci, ta kashe ungulu, wadda tun 2015 aka sa irin tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, ta kuma gangara rafin da ake sha. Tunkun da ke satar kaza shi ne kuma ke cin ɓera da maciji, mujiya ma haka. Wanda ya share su duka daga kewayensa zai ga ɓeraye sun yi masa yawa a rumbu, macizai kuma su biyo baya. Rufe ƙofa da kyau ya fi arha, kuma bai bar kowa da alhaki ba.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fi hana mutanen Kudancin Kaduna barci a shekarun nan ba mai ƙafa huɗu ba ne. Hare-hare da satar shanu da garkuwa da mutane sun taɓa manoma sun taɓa makiyaya, kuma wannan nauyi ne na hukuma, ba shingen ƙerana ne zai ɗauke shi ba. Amma rashin zaman lafiyar yana cin wannan sani ta bayan fage, domin gidan da aka gudu aka bari shingensa yakan mutu, yaran da suka tashi a gari kuma ba su san sawun dila daga na kare ba. Ga kuma sabon gini na bulo da kwano da ake yi ba a tanadi wurin akuya ko kaza ba, sai a jingina musu tsohon buhu a bayan gida a ce Allah ya tsare.

Ina kira ga malaman gona na ƙaramar hukuma, da ƙungiyoyin mata na coci-coci da masallatai, da malaman firamare, su nemi waɗannan tsofaffi tun suna raye, su sa su koya wa yara a aikace, a bakin akurki da gindin shinge. Kai kuma mai karatu, idan kana da uwa ko kaka a ƙauye da ke riƙe da 'yan awaki da kaji, in ka je gida a Kirsimeti ko Sallah ka bi ta zagayen yamma ka ga yadda take yi, sannan ka saya mata ragar waya da tocila mai kyau da dogon takalmin roba, ka kuma biya kuɗin allurar karenta kafin ka koma.